Dutsen Da Ya Ƙone

"Cire zoben nan kafin ki hau ƙanƙara."

Mairi ta ɗago daga ɗaurin takalminta. Mahaifinta Dougal yana tsaye a kanta, tsintsiyar wasa a kafaɗa, fuskar nan a murtuke.

"Baba, zobe ne fa kawai..."

"Zoben ɗan gidan Petrie ne. Ke ba yarinya ba ce, in kin ga dama ki auri Struan ɗin. Amma ƙafata ba za ta taka cocin ba."

Ta zura safar hannu ta rufe zoben.

Duk garin nan namu na kusa da Perth an san tushen gabar. A wasan kalin, wato wasan tura duwatsu a kan ƙanƙara, ba a tsayar da alƙali a kan kowa. In tsintsiyarka ta taɓa dutse yana tafiya, dutsen ya ƙone ke nan, kuma kai da bakinka za ka faɗa. Abokin hamayya ko ya gani ba ya tona ka, abin kunya ne. To tun Mairi tana jaririya mahaifin Struan ya ƙona dutse a wasan ƙarshe na kofin gari da suka kara da Dougal, ya yi gum, ya kwashi kofi ya yi gida. Mutumin ya daɗe a ƙasa, amma Dougal ya ƙi a binne maganar tare da shi. Ban taɓa ganin mai riƙo irin tsohon nan ba.

Yau ma wasan ƙarshen ne. Dougal ne jagoran masu rawayen duwatsu, Mairi mataimakiyarsa. Struan kuwa yana shara a ɓangaren masu jajayen duwatsu, shi da Shona, wadda ta daɗe tana sonsa ba ta samu fuska ba.

Da aka zo gaisawar farko, Struan ya riƙe hannun Mairi fiye da kima.

"Masoyiyata, kin yi kuka?"

"Sanyi ne."

"Sanyi ba ya kumbura ido."

Shona ta kutso tsakaninsu tana murmushi.

"Amarya ba uban rakiya. Jiya ma na faɗa wa babanki gaskiya, na ce Struan sak ubansa, in dai a kan kofi ne."

"Sannu da ƙoƙari," in ji Mairi.

Wasa ya yi zafi. A ci nan, a rama can, har aka shiga zagayen ƙarshe kunnen doki. Kuma guduma, wato jifan ƙarshe, tana hannun masu ja.

Mairi ta tsaya kusa da mahaifinta a ƙarshen fili, gefen wurin da ake kira gida, inda da'irori suke zane a ƙarƙashin ƙanƙara. Rawayen dutsensu na zaune dab da cibiya, wato tsakiyar da'irorin. In jan dutse ya fi shi kusa, kofi ya tafi.

Jagoran masu ja ya durƙusa can nesa, ya sulalo, ya saki dutse. Dutsen ya taho yana gurnani, yana murɗawa a hankali.

"Ba ƙarfi! Ku share!" in ji jagoran.

Struan da Shona suka duƙa, tsintsiyoyi na kai da komo a gaban dutsen don ya ƙara nisa. Ya wuce layin ƙarshe. Ya doshi gida.

A nan Mairi ta gani.

Ƙafar Struan ta ɗan zame, bakin tsintsiyarsa ya shafi gefen dutsen. Shafa ce kawai, kamar ƙuda ya sauka ya tashi. Dutsen ya ci gaba da tafiyarsa, ya ratsa da'irori, ya zauna daram a kan cibiya.

'Yan kallo a bayan gilashi suka ɓarke da tafi.

Mairi ta saci kallon mahaifinta. Idonsa na kan dutsen, fuskarsa ba ta ce komai ba.

Shona ta riƙo hannun rigar Struan. Daga inda take Mairi ta ji raɗar.

"Ka yi shiru. Ni kaɗai na gani, kuma ni ba zan faɗa ba... in dai muna shiri."

Tsoro ya kama Mairi, tsoron da ya fi na fushin uba. Ba ta da ikon cewa uffan. Kuma ta sani sarai, in Struan ya yi shiru, ba sai Baba ya hana ba. Ita da kanta za ta zare zoben, ko da zuciyarta za ta fashe.

Ta matse yatsan a cikin safa.

Struan ya dubi dutsen. Ya dubi kofin da ke kan tebur a bayan gilashi. Bai dube ta ba ko kaɗan, abin da ya ƙara tsinka mata zuciya ke nan.

Sai ya zare hannunsa daga na Shona, ya ɗaga shi sama.

"Na ƙona shi."

Tafi ya mutu.

"Ka haukace ne?" in ji Shona.

Bai kula ta ba. Ya sulalo har gaban Dougal, ya cire hula.

"Baba, tsintsiyata ta taɓa shi bayan layi. Hukunci naka ne."

Haka dokar take. In dutse ya ƙone a nan kusa da gida, jagoran da aka yi wa laifi ne mai zaɓi. Ko ya fitar da shi, ko ya ajiye shi inda yake ganin da zai tsaya, ko ya bar shi yadda yake. Dougal zai iya sa ƙafa ya ture jan dutsen nan, ya ɗauki kofin da aka ƙwace masa tun yana da baƙin gashi, ba mai cewa don me.

Tsohon ya dubi saurayin.

"Na gani," ya ce. "Jira nake in ji ko kana da baki."

"Baba..." Mairi ta fara.

"Ke, ban tambaye ki ba."

Ya kewaya dutsen, ya duƙa ya hango hanyar da ya biyo. Ya miƙe yana dafa ƙugu.

"Taɓawar ba ta canza masa hanya ba. Ko ba ita, nan zai zauna. A bar shi."

Ya miƙa wa Struan hannu.

"Kun ci."

Hawaye suka ƙwace wa Mairi, ba ta ko damu ta share ba. Shona kuwa tuni ta saɓa tsintsiya ta yi waje, ko kofin ba ta tsaya gani ba.

Struan ya kasa sakin hannun tsohon.

"Ban san me zan ce ba, Baba."

"Ka riga ka faɗa. Yanzu sai al'ada, wanda ya ci shi ke saya wa wanda aka ci abin sha, a teburi ɗaya. Ubanka bai zauna da ni ba ran nan. Kai za ka zauna."

Ya juya zai sauka daga ƙanƙara, sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Mairi, cire safar nan, kar ki shaƙe zoben mutane. Yaushe kuka sa ranar?"

"Asabar ta farko a watan gobe, Baba..."

"A ɗaga. Ranar Asabar ina da wasa."