Makullin Da Ke Wuyan Baba Ogunsanya

Da hantsi aka kira Sufeto Akinlade zuwa wani ɗakin injina a unguwar Apapa da ke Legas. Ruwan sama na zuba. Gawar Baba Ogunsanya, tsohon mai gwada bututun kashe gobara, na kwance a tsakar ɗakin. Ba rauni, ba jini.

Akinlade ya ɗaga kai. A bakin kowane bututu an ɗaura ɗan tsumma.

"Wannan fa?"

"Gwaji ne, Oga," in ji Tunbosun, shugaban masu haɗa bututun. "Muna hura iska zalla daga waje, Baba yana ciki yana kallo. Tsumman da bai motsa ba, bututunsa ba ya aiki."

"Iska zalla ba ta kisa."

"Iskar gas ce ta shiga, mai shaƙe wuta. Ga sakaran da ya murɗa ta nan."

Ya nuna Morakinyo, wani ma'aikaci mai furfura da ke zaune a ƙasa.

"Oga, wallahi tukunyar iska kaɗai na taɓa," in ji Morakinyo. "Layin gas kwaɗo ake sa masa. Mai shiga ɗaki shi ke rataya makullin a wuya. Haka muke yi."

Makulli kuwa na nan a wuyan mamacin. Akinlade ya ciro shi, ya zura a kwaɗon. Ya shiga, amma ya ƙi juyawa.

"Wa ya rataya masa wannan?"

"Shi da kansa," in ji Tunbosun.

Morakinyo ya ce, "Haba, Oga Tunbosun! Hannun Baba na rawa saboda tsufa. Kai ka kulle, kai ka rataya masa."

"Rufe mana baki, mashayi!"

Akinlade ya zare makullin daga kwaɗon. Ya bi akwatunan kayan aiki ɗaya bayan ɗaya yana gwada makullin. Na huɗu ya buɗe.

"Na wa ne?"

Ya sunkuya ya duba. Sunan Tunbosun na jikin murfin da jan fenti. Akinlade ya dubi hannun Tunbosun da ke naɗe da ƙyalle.

"Kwance ƙyallen hannunka."

"Ruwan shayi ne ya ƙona ni."

"Kwance."

Tafin ya yi fari fat, fatar ta ɗaye.

"Na taɓa ganin irinta," in ji Akinlade. "Ƙunar sanyi ce. In gas ta fita, ƙarfen yakan yi ƙanƙara. Ina makullin gaskiya?"

Tunbosun ya cire takalminsa. Makullin ya faɗo.

"Bututu uku a saman silin ban haɗa su da komai ba," in ji Tunbosun. "Da Baba ya rubuta a rahoto, da na daina samun aiki a Legas. Shi ya koya mini sana'ar. Bai taɓa rufa wa kowa asiri ba."

"Ya yi magana da gas ta shiga?"

"Ya yi kira."

"Wa ya kira?"

"Ni. Ya ce, 'Ɗana, kashe, an yi kuskure.'"

Akinlade ya juya ga kofur ɗin da ya rako shi.

"Sa wa Tunbosun ankwa. Morakinyo, tashi ka tafi gida."