Takarda Mai Warin Kananzir

Ranar Asabar da hantsi, cikin damina ta 1969, Malam Vandi ya shigo caji ofis na Mubi yana haki. Shi ne shugaban wata makarantar koyon ungozoma a bayan Yelwa. An sace tambayoyin jarrabawar shiga, in ji shi, har an kama yarinya da kwafi a cikin ɗankwalinta.

"Wa ya buga tambayoyin?" Sufeto Hammanjoda ya tambaya.

"Susana, mai tafireta. Na riga na sa an kawo ta tun jiya."

Hammanjoda ba ya son mai ƙara da ke zuwa da ɓarawonsa a aljihu. Ya leƙa sel. Susana na zaune a ƙasa, gwauruwa ce mai 'ya'ya uku, kuma Litinin za a kai ta kotu. In aka ɗaure ta, yaran nan ba su da kowa.

"Bayan kin gurza takardun a injin kwafi ranar Laraba, ina sitansil ɗin, takardar kakin da kika buga tambayoyin a kai?"

"Na ƙona, Yallaɓai. Haka doka ya ce."

Ta faɗa da sauri ƙwarai, idonta a bango. Bai matsa mata ba.

A makarantar, Sufeto ya jera takardun tambayoyi biyu a kan tebur. Ta zauren jarrabawa tana da baƙin layi daga sama har ƙasa, duk kwafi sittin haka suke. Wadda aka kama kuwa fes take, sai dai ɗan maiƙo a kusurwa. Ya shinshina. Kananzir.

"Injin nan, wa ke wanke shi?"

"Baba Ezekiya," in ji Malam Vandi. "Duk Alhamis. Shi ke duba injin kowane ofis a garin nan. Amma wannan dattijo ko allura ba zai ɗauka ba."

Sufeto ya koma wurin Susana, ya zauna a kan benci.

"Toka ba ta haihuwar takarda, 'yar'uwa. An sake gurza sitansil ɗin bayan an wanke inji. Ina kika bar shi?"

Sai hawaye. Ƙaraminta ne ya shiɗe da zazzaɓi, aka aiko, ta kulle takardu a kabad, ta ruga gida, ta manta sitansil manne a jikin gangar injin. Ta ji tsoron kora, shi ya sa ta yi ƙarya.

Sufeto ya sami Baba Ezekiya a rumfarsa, ya baje kayan cikin wata tafireta a kan buhu. Hannuwansa baƙi ƙirin, tawada ta zauna a cikin fata.

"Baba, yaya kake wanke injin gurza?"

Nan fa fuskar tsoho ta saki, don an taɓo inda yake so. A cire ƙyalle, a goge ganga da kananzir, a ɗiga mai, a mayar.

"Sai kuma gwaji," ya ce. "Takarda goma. Ban taɓa barin inji ban gwada ba."

"Da wane sitansil ka gwada ran Alhamis?"

"Babu komai a kai. Farin takarda na wuce."

"To. Susana dai kwananta ɗaya a sel. Jibi kotu."

Sukudireba ta faɗi daga hannunsa. Ashe bai ji labarin kama ta ba. Hammanjoda kuwa ya ji kunyar tarkon da ya ɗana, ko da yake aikinsa ne.

"Ba sata na je ba, ɗana," tsohon ya ce. "Na juya hannu, na duba ko layi ya tafi, sai na ga tambayoyi. Margret, yarinya na, ya faɗi jarrabawan nan sau biyu. Bana ne na ƙarshe. Tara na ƙona. Ɗaya ya bi ni gida."

Margret ta kasa dubawa, wai tana tsoron Allah, ta ba ƙawarta ta yar. Ƙawar ce ta naɗe a ɗankwali.

Da la'asar aka buɗe sel. Susana na fitowa, ana shiga da shi, suka haɗu a ƙofa. Sufeto bai sa masa ankwa ba. Tsohon ya tsaya, ya rasa ta inda zai fara roƙon gafara.

"'Yata," ya ce da ƙyar, "ba wani mai gyara sai Yola. Kar ki bar tawada ya kwana a ganga. Mai kuma ɗigo biyu, kar ya wuce."

Susana ta dube shi, idanunta jawur. Hammanjoda ya ɗauka za ta wuce abinta, kuma da ta wuce ba zai ga laifinta ba.

Ta kwance mayafinta, ta miƙa masa.

"Riƙe, Baba. Ƙasan ciki akwai sanyi."