Karen da Ya Ciji Mai Raba Wasiƙu

Ƙarfe sha ɗaya saura aka bugo waya ofishin 'yan sandan Kettle Bay: kare ya yayyaga Noreen Pelletier, matar da ta shekara sha tara tana raba wasiƙu a Layin Alder. Kafin Sufeto Odette Brisebois ta isa, an wuce da ita asibiti ba ta san inda kanta yake ba.

Jini ya ɓata ƙanƙarar bakin titi. Sufeto ta tsinci gwangwanin feshin barkono, irin wanda masu wasiƙu ke ratayawa a ƙugu saboda karnuka. Babu ko ɗigo a ciki, kuma inda feshin ya zuba ƙanƙarar ta rine rawaya.

Mu mutanen Kettle Bay akwai mu da saurin yanke hukunci, musamman idan wanda ake zargi gidansa ba fenti. Tun jinin bai daskare ba layin ya gama shari'arsa. Mai bakin kowa shi ne Lorne Abernethy, shugaban ƙungiyar masu gidaje, na gida mai lamba arba'in da ɗaya.

"Da idona na gani," in ji shi. "Karen tsohon can ne, Dudek. Pit bull ne, irin da doka ta hana. Sau uku ina tara sa hannun maƙwabta a kansa. Sai da aka kusa kisa kuka ga damar zuwa."

"Kai kana da kare, yallaɓai?"

"Duchess. Fara tas, ga lasisi, ga allura, ga takardun asali. Kuma akwai waya binne kewaye da gidana, ta matsa kusa abin wuyanta ya ja ta da lantarki. Ko titi ba ta taɓa takawa ba."

Kafin azahar ma'aikatan dabbobi sun kama karen Dudek. Aka ce gobe ƙarfe goma alƙali zai duba takardar kashe shi.

A gidan ajiyar dabbobi Sufeto ta tarar da Casimir Dudek, tsohon maƙerin masana'antar ƙarfe, zaune a kan siminti, ya zura yatsunsa cikin keji. Karen, Biscuit, mai faffaɗan kai, yana lasarsu.

"Ina lasisinsa, Mista Dudek?"

"Yana gida. Cikin wata durowa."

"Na duba rajista. Babu sunanka. Kada ka ɓata mini lokaci."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "To, ban yi ba. Takardar tana tambayar irinsa. In rubuta me? Matata ce ta tsinto shi bayan kanti kafin ta rasu, ba mu ga uwarsa ba balle ubansa. Su kuwa kansa kawai za su kalla su ce haramtacce ne. Shekara huɗu ta bayan gida nake zagayawa da shi kamar ɓarawo. Shi kaɗai ya rage mini, madam."

Sufeto ta sa aka fito da karen. Ta buɗe idanunsa, ta shinshina wuyansa, ta goga masa farin ƙyalle a fuska. Ido garau, ƙyalle fari. Karen da ya sha gwangwani guda na barkono ba haka yake kwana ba, balle sa'a uku.

Daga nan ta wuce gidan waya. Shugabar sashen rabo ta jawo ƙananan katuna daga teburin Noreen, waɗanda kowane mai wasiƙu ke rubutawa don gargaɗin wanda zai karɓe shi ranar hutu.

"Gidan Dudek babu komai," in ji matar. "Biskit ma take kai wa karen nan. Amma duba wannan."

Rubutun Noreen ne: "Lamba 41. Farar karya. Ta fito titi sau biyu wannan watan. Na gaya wa mai ita, ya ce in kula da aikina."

Ran Sufeto ya ɓaci sosai. Ta tuƙa mota ba ta ko kunna rediyo ba.

Abernethy ya buɗe ƙofa da kofin kofi a hannu. "An gama da dabbar?"

"Kira mini Duchess."

"Ba ta jin daɗi. Tana barci."

"To, ta farka."

Karyar ta fito sanye da rigar ulu har wuya, tana ƙifta jajayen idanu. Sufeto ta durƙusa ta zuge rigar. Daga fuska har ƙirji an aske ta ƙwal, askin gaggawa, har da yanka biyu.

"A watan Janairu, yallaɓai? Sanyin da mota ma ba ta tashi? Duk faɗin lardin nan namu na Ontario nuna mini mai hankali ɗaya da ke aske kare yanzu."

"Ƙaiƙayi take yi. Kuma ki san da wa kike magana. Ni na san shugabanki, tare muke wasan ƙanƙara."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Sufeto ta nuna baƙar ledar da ke cikin kwandon shara a bakin titi, wadda ke jiran motar kwasa ta gobe. Wani kofur da ke tare da ita ya kwance ledar. Farin gashi ne dam, rabinsa rawaya, wani wurin ja.

Abernethy ya ajiye kofin.

"Wayar ce," ya ce a hankali. "Mai share ƙanƙara ya tsinke ta mako uku da suka wuce. Na ce sai bazara in gyara. Minti biyu kawai na sake ta. Da na ga matar a ƙasa na ja Duchess ciki, na wanke ta, launin ya ƙi fita."

"Ka bar mace kwance cikin jini ka tafi wanka da aski. Wa ya kira motar asibiti?"

Ta ba shi amsar da kanta.

"Direban bas ne, bayan minti ashirin. Yatsu biyu aka cire mata ɗazu. Sannan ka nuna gidan tsoho."

"Duchess tana da takardu," ya ce, kamar mai kuka. "Wancan kuwa ko ba yau ba zai ciji wani. Dubi kansa mana."

"Juya, hannuwa a baya."

Aka taka da shi zuwa mota da ankwa, da silifas ɗinsa na ɗaki. Labulayen gidajen da suka sa masa hannu sau uku suna ta motsi, amma ko mutum ɗaya bai fito ba. Har yau abin yana ci mini rai, don layin nan na girma.

Washegari ƙarfe goma, maimakon kotu, Dudek yana ofishin lasisi da takardar likitan dabbobi mai cewa Biscuit gauraye ne kawai. Sufeto na tsaye a bayansa. Akawun ya leƙo ya kalli kan karen, ya ɗaga biro.

"Wane iri zan rubuta, baba?"

"Rubuta wanda bai ciji kowa ba," in ji Dudek. Ya karɓi lambar lasisin ya ɗaura a wuyan karen, suka nufi Layin Alder ta gaba, da rana tsaka.