Farar Motar da Ba Ta da Suna

Ranar kasuwar Ƙanƙara ce, an watse, rana ta yi ja a kan rufin kwano. Inna Talatu na tankaɗe a ƙofar madafi, ɗanta Mas'ud kuwa na durƙushe a gindin bango da kwaɓaɓɓen siminti cikin tasa.

Mas'ud mai gyaran waya ne a bakin tasha, irin mutanen da ba su yarda akwai abin da ya fi ƙarfin sukudireba ba. Wani ofis a Faskari ya yar da tsofaffin kwamfutoci masu ƙaton ƙeya, ya ɗauro biyu a bayan babur. Ya ajiye ɗaya a zaure, ɗaya a ɗakin ɗiyarsa Shafa'atu, mai shekara goma sha uku. Duk burinsa ya haɗa su da waya, su riƙa tseren mota shi da ita.

A ƙasan bangon da ya raba zaure da tsakar gida akwai wata kafa, hannu ɗaya ke shigarta. Ba rariya ba ce, ruwa ba ya bin ta. Tun zamanin kakanni ake gyaran bango ana barinta a buɗe. Ta nan ya zura wayar.

"Kai, bar kafar nan," in ji Inna Talatu. "Hanyar masu gida ce."

"Hanyar ɓera dai, Inna. Su za su cinye mani waya."

"Ubanka ya yaɓe bangon nan sau huɗu bai toshe ta ba. Ka fi shi wayau ne?"

Ya yi dariya, ya liƙe kewayen wayar da siminti.

Mako guda yana fama. A bayan kowace kwamfuta akwai katin da ake soka wa waya, amma ba ta san da shi ba sai an ɗora mata wani ɗan rubutu da masu aikin ke kira direba. Ta zaure ta karɓa. Ta ɗakin yarinya ta ƙi. Ya canza wa katin rami, ya sake matse bakin waya, ya gwada faifai bayan faifai daga kwalin da ya zo da su. Can ƙasan kwalin ya sami wani da aka yi wa rubutu da jan alƙalami. Ya sa shi daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya. Ko bisimilla bai yi ba. Koriyar fitilar katin ta kama, tana ƙyaftawa.

Ya ruga zaure, ya buɗe wasan tseren. "Shafa, kina ganina?"

"Ina ganinka, Baba! Amma wa ke da farar?"

Ya duba. Motarsa ja, tata shuɗiya. Ga ta uku, fara, ba suna a kanta. Ba tsere take ba. Kewaya fili take a hankali, tana dungurar katanga, kamar akuyar da ta ɓace wa gida.

Ya ce direban ne bai dace ba. Ya koma ɗakin ya goge shi, ya jefa faifan cikin kwali, ya ɗora wani. Koriyar fitila ta mutu. Gidan ya yi tsit, har kaji suka daina motsi a akurki.

Sai dutse ya faɗo kan kwano.

Daga ranar, kowace magariba sai an yi jifa. Duwatsun da ɗumi, kamar yanzu aka sake su daga tafin hannu. A gindin bango ana jin muryar mace can ƙasa, tana kira irin kiran da uwa ke yi idan almuru ta yi yaro bai shigo ba. Kwamfutar ɗakin kuwa, ko an zare ta daga wuta, wani abu na ƙwanƙwasa ta daga ciki.

Rana ta huɗu Shafa'atu na alwala, buta ta suɓuce mata. Ta rarrafa zuwa kafar, ta kama ƙwaƙular siminti da farce har jini ya fito. Ta daina ci, ta daina amsa sunanta. A asibiti aka auna, aka ce ba zazzaɓi, ba komai. Mas'ud ya sa guduma ya fasa simintin da kansa. Bai canza komai ba. Ya zauna yana kallon wuyan ɗiyarsa na ƙara tsawo don rama, hannuwansa da suka saba gyara suna kan gwiwa.

Inna Talatu ba ta ce "na faɗa maka" ba. Ta aika garin Sabuwa a kira Malam Almu.

Malam Almu dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya iso da la'asar, ya sa aka lulluɓe yarinyar, ya zauna wajen kanta yana karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Sai jikinta ya sandare. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dushe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, mi yarinya ta yi maki?"

"Ni ce mai kafar. Ba ta yi mani komai ba. Ubanta ya yi. Ɗana ya dawo da magariba, ya tarar an liƙe hanya, sai igiya. Yaro ne, ya bi igiyar. Uban yarinyar nan kuma ya kulle ƙofa a bayansa. Kwana tara ina jin kukansa cikin akwati. To, ɗa a bakin ɗa."

Mas'ud ya zabura ya ɗauki taɓarya. "Bari in fasa akwatin!"

Kan yarinyar ya juyo gare shi a hankali. "Ka fasa, in fasa."

Taɓaryar ta faɗi.

"Ba za a yi maki yanka ba, ba turare," in ji Malam Almu. "Zalunci kike, kin kama wadda ba ta da laifi. Amma haƙƙinki za a ba ki. Ta ina zai fito?"

"Ta inda ya shiga. Da mabuɗin da aka buɗe. Gobe da magariba."

"Jibi," in ji Malam.

Muryar ta ce, "Jibi. Na rantse da wanda ya halicce ni da kai, in ya fito na fita. In bai fito ba, da ita zan wuce."

Mas'ud ya zazzage kwalin yana neman faifan mai jan rubutu. Wayam. Ya ɗago ya dubi uwarsa, ya ga abin da bai taɓa gani ba: Inna Talatu ta sunkuyar da kai.

"Na ba Baba Gide na Ketare," ta ce. "Tsuntsaye sun dame shi a gero. Na ɗauka shara ce."

Da sassafe ya hau babur. A gonar Baba Gide ya tarar da faifai goma sha ɗaya a rataye jikin igiya, suna walƙiya a kan zangarniya. Mai jan rubutun na can ƙarshe, rana ta gasa shi, kara ya kakkarce shi.

Ya sa shi a kwamfuta. Ta yi gurnani, layin da ke cika ya kai rabi, ya tsaya. Ya wanke faifan, ya goga masa makilin, ya sake. Rabi. Ya ciro makarancin faifan ta zaure ya ɗaura mata. Rabi. Ya bi masu gyara na tasha ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce rabonsa da ganin irin katin nan tun yana yaro. Ranar ta wuce, ta biyun ma ta karkata. Shafa'atu na kwance, numfashi sama-sama, Malam na karatu, inuwar bango ta taɓa bakin rijiya.

Mas'ud ya kifa goshi a kan teburin. "Inna, ban san abin da zan yi ba."

Ta karɓi faifan, ta huhhura shi, ta goge da bakin zanenta kamar madubi, ta miƙa masa. "Duk gwajin nan naka, ban ji ka ambaci Allah ko sau ɗaya ba. Sa shi."

Ya yi bisimilla, ya sa shi. Layin ya kai rabi ya tsaya. Ladan ya fara kira. Kwamfutar ta yi wani kuka kamar ana niƙa tsakuwa, layin ya motsa, ya ja jiki, ya cika. Koriyar fitila ta ƙyafta.

Ya buɗe wasan. Farar motar na tsaye a kusurwa. Ta juyo, ta miƙe hanya da gudu, ta ɓace. A tsakar gida wayar ta yi motsi cikin kafar, sau ɗaya, ƙura ta ɗan tashi.

Shafa'atu ta yi atishawa sau uku. "Baba, ruwa."

Kafin a idar da salla ya zare wayar. Kafar na nan a buɗe har yau, ba a ƙara jifa ba. Yarinya ta warke, ta yi ƙiba, ta koma makaranta. Sai dai duk magariba, tana zaune tana hira, yatsu uku na hannunta na dama kan kama motsi a kan cinyarta, suna danna abin da babu. Ita ba ta sani ba. Mas'ud kan zuba wa yatsun ido har su tsaya, sannan ya tashi ya ɗauki buta.