Haushin Kare A Tagar Mai Takaba

Taɓaryar ta sake sauka a saman kanta, dim! dim! kamar a ƙoƙon kan nata ake dakan. Bara'atu ta toshe wa 'yarta Nafisa kunnuwa da tafukan hannu, yarinyar na kwance jikinta zafi zau, sai firgita take duk lokacin da rufin ya girgiza. Wayyo, maraici! Kwana saba'in ke nan da rasuwar mijinta Yusha'u, ma'aikacin gwamnati da ya fita aiki da safe da ƙafarsa aka dawo da shi a kwance, ya bar ta da yarinya 'yar shekara huɗu a sashen ƙasa na wani gidan bene mai sassa shida a Unguwar Sarki. A cikin takaba take, ba fita ba shiga, ko ƙofar baya ba ta leƙawa, don haka duk hayaniyar da gidan ya kwaso a kanta take ƙarewa.

A samanta Hajiya Asabe ce, matar Alhaji Audu mai sayar da tayoyi, mace mai baki kamar reza. Kowa a gidan yana saukowa tsakar gida ya yi daka, ita kuwa ta ce ƙafarta ba ta hawa da sauka, a bene za ta yi abinta. Ga talabijin a ƙure, ga jan kujeru, ga uwa uba Duna, baƙin karen gadin da Alhaji ya ɗaure a bayan gida, daidai ƙarƙashin tagar Bara'atu. Da can karen ba ruwansa da kowa, sai in baƙo ya ratso. Amma tun da aka share makoki ya tsiro da wani sabon hali: da an idar da sallar la'asar zai miƙe ya fuskanci ƙofarta ta baya, ya dinga haushi yana jan sarƙa yana wani irin kuka mai tsinka zuciya, ba zai yi shiru ba sai rana ta yi sanyi.

Ranar da zazzaɓin Nafisa ya tsananta ne Bara'atu ta daure ta kira Asabe a waya, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Hajiya, don girman Allah a ɗan sassauta dakan nan, yarinyar ba ta da lafiya. Shi kuma karen, ko za a duba abin da ke damunsa..."

"Abin da ke damunsa?" in ji Asabe, tana wata 'yar dariya. "Ai ke za a tambaya, Maman Nafisa. Ruwa ba ya tsami banza. Karen nan shekararsa uku a gidan nan, baƙo kawai yake yi wa haushi. To wane baƙo ne yake zuwa ƙofarki kullum da la'asar, lokacin da maza ba sa gida?"

Wayar ta suɓuce daga hannun Bara'atu. Ta daɗe a zaune tana maimaita innalillahi, hawaye na sauka a kan baƙin hijabinta. Ita da ko madubi ba ta duba ba tun ranar da aka fita da Yusha'u, ita ake jifa da wannan magana?

Abin da ba ta sani ba, Asabe ta jima tana haɗiyar yawu a kan sashen ƙasan nan, tana son ƙaninta da zai yi aure ya tare a ciki. Mai gidan hayar kuwa ya ce ba zai tashi marainiya da uwarta ba, sai dai in su suka fita da kansu. To, ga hanya ta samu! Washegari sai ga muryar Duna a guruf ɗin matan gidan, Asabe ta naɗa da waya ta tura, ta rubuta a ƙasa: "Ƙarfe huɗu daidai. Allah ya rufa mana asiri." Jibi ma haka, gata ma haka. Rana ta biyar ta haɗa da hoto, silifas ɗin namiji a bakin ƙofar bayan Bara'atu. Na Yusha'u ne, na alwala, a nan ya cire su safiyar da ya fita, matarsa ta kasa ɗaga su daga wurin. Amma wa zai tsaya tambaya? Matan da suke aiko mata da kunu da kosai suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Safiyya ta sashen gaba, wadda Bara'atu ta yi wa jinyar haihuwa bara, ta hana 'ya'yanta shigowa wasa. In Bara'atu ta ji takun mutum a baranda sai ta ji an rage tafiya daidai ƙofarta, an kasa kunne.

Har ita kanta zargi ya fara cin ta. Kare dai ba mahaukaci ba ne, me yake gani? Ko wani ne yake laɓe a bayan tankin ruwa yana leƙenta? Da la'asar ta yi sai ta kulle tagogi, ta ja labule, ta rungume Nafisa a ƙuryar ɗaki. Sau biyu tana ɗaga gefen labulen da yatsa, ba ta ga kowa ba sai Duna, harshe waje, ido kafe a ƙofarta. Wannan kulle tagar ma sai da ya zama hujja, Asabe ta ce ai ga shi nan, da baƙon ya shiga ake rufewa.

Magana ba ta da ƙafa amma tana tafiya. Ranar wata Asabar sai ga sallamar Ɗayyabu, yayan marigayi, daga Unguwar Kanawa. Bai zauna ba, bai sha ruwan da ta ajiye masa ba, Nafisa ta rugo ta riƙe masa ƙafa ya ɗauke ta yana kallon uwar da wani irin ido.

"Bara'atu, abin da nake ji gaskiya ne?"

"Yaya, wallahi tallahi ban san komai ba. Takalman ƙaninka ne, ka duba su..."

"Takalmi duk kasuwa akwai irinsa. Karen fa? Shi ma ƙarya yake yi miki?" Ya sauke yarinyar. "Ƙasar kabarin Yusha'u ba ta gama bushewa ba. Ki saurare ni da kyau: mun zauna da dangi, Juma'a mai zuwa zan zo in tafi da Nafisa. Jininmu ba zai tashi a inda ake nuna shi da baki ba."

Ta zube a gabansa gwiwa biyu, tana kuka kamar ranta zai fita. "Yaya, ka dubi Allah ka dubi maraicinta. Ita kaɗai ya bar mini. Ku karɓe kujerun, ku karɓe komai, ku bar mini 'yata. Ban roƙe ka ka yarda da ni ba, ka zo da kanka ka gani, ko sau ɗaya ne, kada ka gaya wa kowa ranar. In ka ga namiji a ƙofata, ni da hannuna zan haɗa mata kayanta."

Ya juya ya fita. Kwanakin da suka biyo baya Bara'atu ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Ta yi wa Nafisa kitso ta tsefe ta sake yi, don dai kan yarinyar ya daɗe a cinyarta. A kowace sujada abu ɗaya take faɗa: "Ya Allah, Kai ne shaidata, ba ni da wani." A sama kuwa daka sai abin da ya ƙaru, har da guɗa wata rana, Asabe da ƙawayenta.

Ɗayyabu mutum ne mai zafi, amma maganar ta tsaya masa a rai. Ranar Laraba bayan azahar ya zo a ɓoye, ya samu Baba Ya'u, dattijon da ke kula da gidan, suka shige ɗan ɗakin janareta da ke can kusurwar katanga, inda ake hango bayan gida ta ramukan bulo. Jikinsa sanye da wani kaftani ruwan toka da ya faɗo masa cikin rabon kayan marigayi, har yanzu da ƙamshin turaren mai shi. Zuciyarsa cike da zato, yana jiran ya ga ta inda ƙaton zai diro.

Wajen ƙarfe uku sai ga mutum ya ɓullo, amma ta matakalar bene. Hajiya Asabe ce, mai ciwon ƙafar nan, tana saukowa da sauri kamar budurwa! Ta waiga hagu ta waiga dama, ta sa ƙafa ta kifar da robar ruwan da Alhaji ya cika wa karen da safe, ta naɗe sarƙar a jikin ƙarfe yadda ba zai kai inuwa ba, ta shuri silifas ɗin nan ta gyara musu zama su fuskanci ƙofa kamar yanzu aka cire su. Sannan ta haye sama ta tsaya a baranda da waya a hannu. Baba Ya'u ya kama baki. Ɗayyabu kuwa gumi ne ya karyo masa.

Aka yi la'asar, aka idar. Duna ya miƙe ya fara, haushi da kuka, ido a ƙofar. Minti goma, minti ashirin, ko ƙadangare bai gifta ba. Ɗayyabu ya kasa daurewa ya fito fili, Baba Ya'u na ce masa ya yi a hankali, karen ba ya raga wa baƙo. Ikon Allah! Karen na ganinsa ya yi tsit. Ya shinshina iska, ya kwantar da kunnuwa, ya shiga kaɗa wutsiya yana wani siririn kuka, ya tura busasshiyar robar da hanci har gaban ƙafarsa.

Shirun ne ya ba Bara'atu tsoro. Ta ɗaga labule, ta hango bayan mutum cikin kaftanin mijinta, tsayi ɗaya, tsayuwa ɗaya... numfashinta ya ɗauke, ta dafe bango. Kafin ta farga Nafisa ta zare sakata ta fita da gudu tana kiran "Abba!" Yarinyar ta ja ta tsaya da ta ga fuskar. Sai ta dubi robar, ta dubi baffanta, ta ce, "Baffa, ruwa yake so. Abba ne yake ba shi in ya dawo daga ofis, ni nake riƙe masa buta. Ya ce kada in gaya wa Umma, lada ne namu mu biyu."

Ashe haka ne! Shekara uku Yusha'u na dawowa daga aiki da la'asar, ya zagaya baya kamar mai alwala, ya shayar da karen maƙwabcin da aka bari a rana. Mai ba shi ruwa Duna yake kira duk kwanakin nan, Asabe kuma daga barandarta ta sha ganinsu, ta san komai. Ɗayyabu ya durƙusa a wurin, ƙaton mutum, yana kuka da shassheƙa.

Kafin magariba gidan ya cika. Baba Ya'u ya faɗi abin da idonsa ya gani a gaban 'yan haya da Alhaji Audu, bai rage ko ɗaya ba. Asabe ta fara rantse-rantse, sai dattijon ya ce ta buɗe wayarta, hoton da ta ɗauka yau ma yana ciki, da silifas ɗin a yadda ta jera su. Bakin nan mai kaifi ya mutu murus. Alhaji Audu ya dube ta ya ce, "Mai takaba kika yi wa ƙazafi, Asabe, kika azabtar da dabba da ƙishirwa don ɗaki? Haɗa kayanki ki wuce gidanku Doka, kada ki dawo sai na neme ki." Ta sauko da akwati a ka, ta ratsa matan da take tura wa haushin kare, ba wadda ta ce mata sai da safe. Ƙanin da ta yi domin shi ma, da labari ya kai gidan surukansa, sai da aka ɗaga bikin.

Safiyya ta shigo tana hawaye tana neman gafara. Ɗayyabu ya tsaya daga bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da Bara'atu. "Ki yafe mini, Maman Nafisa. Na kusa raba marainiya da uwarta a kan zato. Nafisa taki ce, duk wanda ya sake ɗaga maganar da ni zai yi."

"Na yafe, Yaya," ta ce. "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta janyo 'yarta ta ƙanƙame, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Daga ranar rufin ya yi shiru. Alhaji ya yi wa Duna rumfa, Baba Ya'u ya karɓi aikin ruwan. Da wata huɗu da kwana goma suka cika, aka yi sadakar fita takaba, Bara'atu ta yi wanka ta ɗaura sabuwar atamfa, 'yan'uwa na jiranta a ƙofar gaba za su raka ta gaishe-gaishe. Ta ce su ɗan dakata mata. Ana idar da la'asar ta buɗe ƙofar baya, ta zura ƙafafunta cikin silifas ɗin Yusha'u duk da sun yi mata yawa, ta miƙa wa Nafisa buta.

"Zo mu je," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Ki nuna mini yadda Abbanki yake yi."