Faifan da Aka Yi wa Wanka

Da hantsin Litinin Bu Warsini ta faɗo ofishin 'yan sanda na unguwarsu a Semarang, mijinta Pak Tukiman yana biye kamar wanda aka tilasta. An sace mata faifan fim na asali, wanda 'yarta mai aikatau a Hong Kong ta aiko. Duk Juma'a sai ta kalle shi ta sha kuka don kewar 'yar.

"Maƙwabcinmu Koh Ahwat ne, yallaɓai," in ji mijin, tun ba a tambaye shi ba. "Kowa ya san kwafar faifai yake yi a ɗaka."

Sufeto Gunarto ya fara da kwalin faifan da matar ta zo da shi, ba komai a ciki. Ya shinshina, sai ƙamshin lemun tsami.

Da Sufeto ya je wurinsa, Koh Ahwat cewa ya yi, "Ni? Taliya nake sayarwa." A bayansa na'urori huɗu sai gurnani suke.

"Taliyar ce ke juyawa a ciki?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "To, ina ɗan taɓawa. Amma wancan faifan kulle gare shi, na'urata ma tofo shi take yi. Tukiman da kansa ya kawo min shi ranar Laraba. Na ce masa kullen a ciki yake, ido ba ya ganinsa."

Sufeto ya wuce gidan su Tukiman. Bu Warsini tana ta mita a kicin, wai har lemun tsaminta ɓarawon ya kwashe.

"Pak Tukiman, yaushe kake wanke wuƙar da kuka gada kaka da kakanni?" in ji Sufeto.

"Sai watan Suro, farkon shekararmu, kamar kowa."

"Da me?"

"Da lemun tsami."

"Watan Suro da saura. Me wancan kwanon yake yi a ƙarƙashin gado?"

Aka jawo kwano. Ga faifai kwance cikin ruwan lemu, an goge shi da toka har ya koma kamar murfin gwangwani, ga furanni a kai.

Tukiman ya zube. "Faifan ya fara karcewa, na ji tsoron ranar da zai mutu mata. Na ce in kwafa in ajiye. Mu dai a gidanmu abin da ido ba ya gani wanka ake yi masa. Kwana uku na jiƙa shi don kullen ya fita, har turare na ƙona!"

Gaskiya ya ba da tausayi, amma Bu Warsini ta riga ta ɗauko ludayi.

"Ƙarar ƙarya da ƙazafi ga maƙwabci," in ji Sufeto. "Yau a wurinmu za ka kwana."

"Kwana nawa, yallaɓai?" matar ta tambaya.

"Ɗaya."

"Ina nan ina jira."

Tukiman ya miƙa hannuwansa da kansa. A bakin mota ya raɗa wa Sufeto, "Don Allah, ba za a ƙara min ko mako ɗaya ba?"