Ranar da Auta Ta Yi wa Ɗan Tunkiya Wanka

Ruwan farko ya sauka ranar Juma'a, bayan zafin bazara ya gasa kowa. Washegari da sassafe gidan su Auta ya cika da hidima. Baba yana gyara ƙotar fartanya. Mama tana zuba iri a ƙwarya. Dole a yi shuka yau, kafin ƙasa ta sake bushewa.

Sai tunkiyar gidan ta ga babu safiyar da ta dace ta haihu sai wannan. Ita kaɗai ce tunkiyarsu, kuma haihuwarta ta fari ke nan.

Auta ce ta fara gani. Shekararta tara, tana aji huɗu. Yarinya ce mai son tsabta har ta yi yawa. A makaranta ita malama ke sawa ta duba faratan 'yan aji. A gida kuwa, ko cokali ka ajiye sai ta bi shi da soso. Shi ya sa Kaka ke kiranta sarkin tsabta.

Baba ya leƙa rumfar tunkiya. Ya ga ɗan yana motsi, uwar tana lasar kansa a hankali. Ya ji daɗi, amma hankalinsa yana gona.

“Auta, ki zuba mata ruwa da dusa,” in ji shi. “Amma kada ki taɓa ɗan. Ki bar su su biyu.”

Auta ta ce to. Baba da Mama suka ɗauki kaya suka fita. Gida ya rage daga ita sai Kaka, wadda ciwon gwiwa ya zaunar a ɗaki.

Ta kai ruwa da dusa. Sai ta tsuguna tana kallon ɗan tunkiyar. Fari ne, da baƙi a kunne ɗaya. Amma jikinsa duk yauƙi, ga ƙasa da busasshiyar ciyawa sun manne masa. Uwar ta ɗan lasa, ta tsaya, ta sha ruwa, ta sake lasa.

Abin ya ba Auta haushi. A ganinta wannan uwa ragguwa ce. Da wannan lasar, ai sai gobe ba ta gama ba. Ta tuna maganar Baba, amma ta ce a ranta ai tsoro yake kada ta ji masa ciwo. Ita kuwa a hankali za ta yi.

Ta ɗumama ruwa, ta zuba a roba. Ta shiga ɗakin Mama ta ɗauko sabulun nan mai ƙamshi, wanda Mama ba ta wanka da shi sai za ta unguwa. Ta ɗauke ɗan daga gaban uwarsa. Tunkiya ta yi ta kuka tana jan igiya, Auta ko a jikinta.

Ta wanke shi tas, har bayan kunne. Ta goge shi da tsohon zanenta, ta zauna da shi a rana har ya bushe. Gashinsa ya tashi lub-lub kamar auduga. Ba ta tsaya nan ba. Ta share duk ciyawar da aka haihu a kai, ta kai juji, ta shimfiɗa sabuwa.

Gaskiya ɗan tunkiya ya yi kyau. Auta ta mayar da shi tana murmushi, tana jiran uwar ta yi murna.

Tunkiya ta miƙo wuya ta shinshina shi. Ta ja da baya. Ta buga ƙafa a ƙasa. Ɗan ya miƙe yana tangaɗi, ya nufi nono. Kafin ya isa, ta sunkuyar da kai ta tunkuye shi, ya faɗi can gefe.

Auta ta ɗaga shi ta sake turawa. Tunkiya ta sake kai masa karo, wannan karon da ƙarfi. Daga nan ta juya masa baya. Ta koma wurin da ta haihu tana shinshina ƙasa, tana kuka, tana neman ɗanta. Ga shi kuwa a gabanta.

“Naki ne fa,” in ji Auta. “Wallahi naki ne.”

Ta gwada riƙe tunkiyar da hannu biyu. Tunkiya ta fizge, ta yar da ita cikin dusa. Ta gwada lallashi, ta gwada tsawa. Fir tunkiya ta ƙi.

Rana ta ɗaga. Daga ɗaki Kaka ta ɗaga murya ta tambaya ko ɗan ya kama nono. Auta ta ce e, ya kama. Ƙarya ta yi, ita da ba ta saba ƙarya ba.

Ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar tsakar gida, wai ko hankalinta zai kwanta. Bai kwanta ba. Duk inda ta juya, kukan ɗan tunkiyar take ji. Da safe kukan da ƙarfi yake. Zuwa tsakar rana ya koma siriri. Tana ba kaji hatsi sai ta lura ta daina jin sa gaba ɗaya.

Ta yar da kwanon ta ruga. Ta same shi kwance a kusurwa, kansa a ƙasa. Cikinsa ya shafe. Ta taɓa kunnensa, ta ji sanyi. Ya buɗe ido kaɗan, ya sake rufewa.

Tsoro ya kama ta sosai. In ta faɗa, za a yi mata faɗa, kuma ga ƙarya a kai. In ta yi shiru, ɗan tunkiya zai mutu kafin su Baba su dawo, kuma ita ce ta jawo. Ta tsaya a bakin ɗakin Kaka. Sau biyu tana juyawa. A na uku ta ɗaga labule.

“Kaka, na yi ƙarya. Bai sha komai ba tun safe.”

Kaka ta ajiye ɗinkin da ke hannunta. “Me ya same shi?”

“Wanka na yi masa. Da sabulun Mama.”

Kaka ta dube ta, ta dubi sama, ta girgiza kai. Auta ta fashe da kuka. Kaka ta ce kuka ba ya cika cikin ɗan tunkiya, ta zo ta kama ta su fita. Ta dafa kafaɗar Auta, suka tafi a hankali, Kaka tana cije leɓe saboda gwiwa.

A hanya Kaka ta yi mata bayani. Ta ce tunkiya ba da ido take gane ɗanta ba, da hanci ne. Wannan yauƙin da Auta ta ga ƙazanta ne, shi ne shaidar uwar. Tana lasa, tana haddace warin ɗanta. Yanzu an wanke shaidar, an sa masa ƙamshin Mama. Ita kuwa tunkiya ba ta haifi Mama ba.

Da wata rana ce, da Auta ta yi dariya.

Kaka ta zauna a kan turmi, ta ɗora ɗan a cinya. Ta sa yatsa a bakinsa. Auta ta tambaya ko zai rayu. Kaka ta ce ba ta sani ba tukuna. Wannan amsar ta fi faɗa zafi.

Suka matse tunkiya a jikin bango, Auta ta rungume wuyanta iya ƙarfinta. Kaka ta tatsi nonon farko a ƙaramin kofi, mai kauri, ruwan ɗorawa. Ta ɗiga wa ɗan a baki da cokali. Na farko ya zube. Na biyu ma ya zube. A na uku maƙogwaronsa ya motsa.

“Ya haɗiya, Kaka.”

“Na gani. Amma cokali ba uwa ba ne. Ina ciyawar da aka haihu a kai?”

Auta ta sunkuyar da kai. Ta ce tana juji.

“To, sarkin tsabta, sai ki je ki tono ta.”

Auta ta tafi juji da gudu. Da ma ta riga ta zuba sharar tsakar gida a kan ciyawar, ga kashin kaji, ga toka. Ba ta nemi sanda ba. Ta sa hannu biyu ta yi ta tono har ta kai ga ciyawar, da sauran danshinta. Ta rungumo ta a ƙirji. Rigarta ta ɓaci, ko kallonta ba ta yi ba.

Kaka ta goge ɗan da ciyawar tun daga kai har wutsiya. Ta shafa masa sauran nonon a ka da gindin wutsiya. Ta barbaɗa ɗan gishiri a bayansa, don tunkiya tana son gishiri. Farin gashin nan ya koma kaca-kaca. Suka tare kusurwar rumfar da tsohon ƙyaure, suka bar uwa da ɗa a ciki.

Kaka ta ce yanzu sai jira, kuma jiran daga nesa ake yi.

Suka zauna a inuwa. Auta ba ta iya cin abincin rana ba. Tunkiya ta tsaya tana kallon bango, kamar babu kowa a bayanta. Sau ɗaya ta juyo, ta buga ƙafa. Auta ta zabura, Kaka ta riƙe mata hannu.

Da la'asar Baba da Mama suka dawo, ƙafafunsu duk taɓo. Auta ba ta jira Kaka ta yi magana ba. Ta tare su a bakin ƙofa ta faɗi komai, har da ƙaryar. Mama ta riƙe baki. Baba ya jingine fartanya, ya je ya tsuguna nesa da rumfar. Duk suka bi shi.

Ɗan tunkiya ya yi ɗan siririn kuka. Tunkiya ta juyo. Ta sunkuyar da kai, Auta ta rufe ido don kada ta ga karon.

“Buɗe idonki,” in ji Mama a hankali.

Tunkiya tana shinshina wutsiyarsa. Ta daɗe tana yi. Sai ta fito da harshe ta lashi bayansa. Ta sake lasa. Ta yi wani ƙaramin gurnani a maƙogwaro, irin wanda Auta ba ta taɓa ji ba. Ɗan ya yunƙura ya faɗi. Ya sake yunƙurawa ya tsaya. Ya lalubi cikinta har ya sami nono. Uwar ta buɗe ƙafa ta tsaya cak. Can sai wutsiyarsa ta fara kaɗawa da sauri.

Baba ya sauke numfashi. Kaka ta ce a zo a ɗaga ta, gwiwarta ta gama aikin shekara.

Auta ta matsa kusa da Baba. “Ka yi haƙuri, Baba. Na ɗauka taimako nake yi.”

“Na sani,” in ji Baba. “Ni ma na yi sauri, ban gaya miki dalili ba. Amma in babba ya hana ki abu, ba ki gane dalili ba, ki tambaya kafin ki sa hannu. In kuma kin yi kuskure, ki faɗa da wuri. Da kin ƙara awa ɗaya kina ɓoyewa, da yanzu rami muke haƙa.”

Auta ta gyaɗa kai, tana share hawaye da bayan hannu. Ta riƙe wannan magana, ba ta sake mantawa ba.

Ɗan tunkiya ya sha har cikinsa ya yi tulu. Ya kwanta a jikin uwarsa, duk datti, ya yi barci.